Jinin ɗana ba ya tsayawa, an ce ni na kawo

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Tahoua. Ina da ɗiya mai shekara 9 da yaro mai shekara 6, ga cikin wata biyar. Tun yaron yana rarrafe jikinsa ke yin tabo baƙi-baƙi ba wanda ya buge shi. Bara ya ciji harshe, jini ya kwana biyu yana zuba. Gwiwarsa ta dama takan kumbura ta yi zafi har ya kasa takawa. Mun yi na Hausa mun gaji, daga baya aka tura mu Yamai, aka auna jini aka ce hemofiliya ce nau'in A mai tsanani. Likita ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a gidanmu, sai na tuna wana da ya rasu yana yaro bayan kaciya, jini ya ƙi tsayawa. A gaban mijina likita ya ce ta wajen uwa ake gadonta. Tun da muka dawo uwar mijina ke cewa na shigo musu da mugun jini, tana matsa masa ya sake ni. Ta kuma ce da sanyi ya shigo za a haɗa yaron da ƴaƴan dangi a kai wa wanzami. Ƙanwata an sa ranar aurenta, innarmu ta ce in kama bakina kada in ɓata mata aure. Da gaske ni na cuci ɗana? Na cikin nan ma haka zai zo? Ina zan sa kaina?

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba yaron nan sauƙi, ya sauke ki lafiya, ya jiƙan wanki.

A cikin tambayoyinki akwai wadda ba ta jira, da ita zan fara. Kada a kai yaron nan wurin wanzami. Ko za a yi fushi da ke, ko za a ce kin raina manya, kada aska ta taɓa shi. Wanzami komai ƙwarewarsa ba shi da abin tsai da irin wannan jini, garin bagaruwa da ɗauri ba sa yi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne jinin yakan lafa da farko, a yi hamdala a watse, sai cikin dare ko kashegari ya dawo yana tsattsafowa ba tsayawa. Ba a ce yaron zai zauna ba kaciya har abada ba. Ana yi wa masu hemofiliya kaciya, amma a asibiti, a hannun likitan da ya san ciwon, bayan an tanadi maganin da za a sa masa ta jijiya kafin a fara da kuma kwanakin da za su biyo baya. In tanadin bai samu bana ba, a jira wata shekara. A mazhabarmu ta Malikiyya kaciyar namiji sunna ce mai ƙarfi, kuma shari'a ba ta yarda a jefa rai cikin halaka don a yi sunna a kan lokacin da dangi suka zaɓa ba. Wannan magana ba daga bakinki ya kamata surukarki ta ji ta ba. Ki roƙi mijinki ya ɗauki takardar likita ya je wurin limamin da take jin maganarsa, su biyun su same ta. Abin da za ta ƙi ji daga suruka za ta saurara daga ɗanta da malaminta.

Sai tambayar da ke hana ki barci. Ba zan rarrashe ki da abin da ba haka yake ba: likita ya faɗi daidai, ta wajenki ciwon ya bi ya kai ga yaron. Amma ki tsaya ki ji yadda abin yake, domin a tsakanin "ta wajenki ya bi" da "ke kika cuce shi" akwai nisa sosai.

Idan jijiya ta yage, ƙananan ƙwayoyin jini ne ke fara taruwa su toshe bakin wurin. Wannan toshiya ba ta da ƙarfi. Sai wasu sinadarai da ke cikin jini su tashi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tayar da wancan, har a saƙa zaren da zai ƙulle toshiyar ta zama guda mai ƙarfi. Likitoci sun ba sinadaran nan lambobi. Wanda ɗanki ya rasa shi ne na 8, shi ne za ki ga an rubuta facteur VIII a takardarsa. Rashin na 8 shi ake kira hemofiliya A, rashin na 9 kuma hemofiliya B. Ta A ta fi yawa, tana samun kusan namiji 1 cikin 5,000 da aka haifa, a kowace ƙabila da kowace ƙasa. Da aka ce tasa mai tsanani ce, ana nufin sinadarin da ke jininsa bai kai kashi 1 cikin 100 na yadda ya kamata ba. Daga kashi 1 zuwa 5 matsakaiciya ce, daga sama da 5 zuwa 40 mai sauƙi. Jininsa ba ya fin na kowa gudu, daɗewa yake yi bai tsaya ba. Shi ya sa ɗan ƙarzanen ƙaya bai cika zama abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne jinin da ke zuba a ciki ba a gani, a gaɓa ko a tsoka ko a kai.

Umarnin da jiki ke bi ya ƙera sinadari na 8 a rubuce yake a ƙwayar gadon da ake kira X. Mace tana da X biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Namiji yana da X ɗaya daga uwarsa, da Y daga ubansa. Mace kamar mai rumbu biyu ce, in ɗaya ya lalace ta ci daga ɗayan, gidan bai kwana da yunwa ba. Namiji rumbu ɗaya gare shi. Ke ɗaya daga cikin X ɗinki tana da tangarɗa, ɗayar lafiya lau, shi ya sa kika girma ba ki san komai ba. Ga alama daga innarku kika karɓa, kamar yadda marigayi wanki ya karɓa, ita ma ta karɓa daga sama ko kuma a kanta abin ya fara. A kowane ciki ɗaya daga cikin biyun ce ke tafiya wurin ɗa, kuma ba ke kike zaɓa ba. Ba abin da kika ci, ba abin da kika tsallaka, ba wankan da kika bari. Ranar da aka ɗaura miki aure ba ki san da ita ba, waɗanda suka aurar da ke ma ba su sani ba. Cutar da mutum kuwa sai da sani da niyya.

Maganar mugun jini ta fi ƙona min rai, domin a bakin mutanenmu asali ake zagi da ita. Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da wannan ciwo. Ɗanta Liyofol ya rayu da shi har ya rasu a 1884, kuma ta hanyar ɗiyanta mata biyu ya shiga gidajen sarautar Sifaniya da Jamus da Rasha. Tasu nau'in B ce, amma hanyar gadon ɗaya ce. Tun kafin su, shekara dubu da suka wuce, likitan nan na Andalus Abul Ƙasim Azzahrawi ya rubuta labarin mutanen da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. Ba jifa ba ne, ba mayu ba ne, ba a ɗauka ta kwano ko shimfiɗa. Kada kuma a haɗa shi da sikila, wadda sai uwa da uba duka sun ba da nasu kafin ta bayyana. Sannan kusan ɗaya cikin uku na yaran da ake haifa da hemofiliya ba a taɓa jin ta a danginsu ba, sauyin sabo ne ya faru a ƙwayar gado. Ke nan ba gidan da zai daki ƙirji ya ce ba za ta taɓa shigar masa ba, har gidan surukarki.

Ga mijinki kuma, in zai karanta: malam, saki ba zai ƙara wa ɗanka ko ɗigon sinadari na 8 ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya raba yaron da wadda ta fi kowa gane tafiyarsa in gwiwa ta fara ciwo tun bai buɗe baki ba. Yaro mai irin wannan ciwo yana bukatar mai lura da shi dare da rana, da mai fita neman magani, kuma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Mahaifiyarka tsoro ne ke sa ta magana, kai ne ka ji bayanin likita da kunnenka, kai ya dace ka kai mata shi cikakke, har da inda likita bai ɗora wa kowa laifi ba.

Yanzu maganin. Ainihinsa shi ne a mayar wa jini abin da ya rasa: ana sa sinadari na 8 ta jijiya, daga ƴar kwalba mai gari da ake narkarwa. Ba ya daɗewa a jiki, cikin awa 8 zuwa 12 rabinsa ya tafi, don haka zubar jini mai ƙarfi tana bukatar a maimaita. Abin da ya fi kyau shi ne a riƙa sa wa yaro a kai a kai tun jini bai zuba ba, sau biyu ko uku a mako, domin gaɓoɓinsa su tsira. Maganin yana da tsada ƙwarai, kuma a ƙasashe irin namu yawancin abin da ake samu ta hanyar tallafi yake zuwa. Tarayyar Hemofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963 a birnin Montiriyal na Kanada, tana aika shi kyauta zuwa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ta hannun asibitoci da ƙungiyoyin majinyata. Saboda haka ki koma wurin likitan jinin da ya gan ku a Yamai ki tambaye shi a fili: an rubuta sunan yaron a rajistar masu hemofiliya? Ina ake samun maganin? In jini ya ɓalle muna Tahoua, fiye da kilomita 500 daga nan, wa za mu kira, kuma wane likita ne a babban asibitin jiha zai san da mu? Ki karɓi lambar waya kafin ki fito. In an ba ku kwalabe ku taho da su, ki tambayi yadda ake ajiye su, domin zafin watan Afrilu da Mayu a Adar ya wuce abin da suke jurewa a waje da firiji.

Inda ba a samu kwalbar ba, ana amfani da ruwan jini da aka daskarar tun yana sabo, wanda cibiyoyin ƙarin jini ke tanada. Ki san bambancin: jinin leda da ya kwana biyu a ajiye yana mayar da jinin da aka rasa, amma sinadari na 8 da ke cikinsa ya riga ya ragu sosai, ba zai tsai da zubar yadda ake so ba. Akwai kuma maganin da ake kira acide tranexamique, da ake samu a farmasi da sunan Exacyl. Yana taimakawa ƙwarai ga jinin baki da hanci da na faɗuwar haƙori, abin da ɗan shekara 6 ke shirin shiga. Likita ya rubuta miki awonsa ki ajiye a gida, amma ba a ba da shi in jinin a fitsari yake.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa iyaye ba: kusan yaro ɗaya cikin uku ko huɗu masu hemofiliya A mai tsanani, jikinsu yakan ɗauki maganin a matsayin baƙo ya ƙera abin da ke kashe shi. In kin ga an sa magani amma kumburi bai sauka kamar da ba, ki faɗa, akwai awon da ake yi. Dole ne ma a yi wannan awon kafin kaciya ko kowace tiyata.

Akwai sabon magani mai suna Hemlibra, da aka fara amincewa da shi a Amurka a 2017. Allura ce ta ƙarƙashin fata, sau ɗaya a mako ko a mako biyu ko a wata, tana yin aikin da sinadari na 8 ke yi, kuma tana aiki har ga waɗanda jikinsu ya ƙi maganin farko. Na kariya ne, ba ya tsai da jinin da ya riga ya ɓalle. Yana cikin abin da tallafin nan ke kaiwa wasu ƙasashe, don haka ki tambaya. Za ki ji kuma ana maganar gyaran ƙwayar gado. Gaskiya ne an amince da irinsa a Turai da Amurka tun 2022, amma manya ake yi wa, kuma na nau'in B an sa masa kuɗi dala miliyan 3.5. Duk wanda ya zo miki da kwalba ko ƙullin gari ya ce zai kawar da ciwon daga tushe, kuɗinki yake so.

Abin da ke hannunki kullum shi ne gwiwar nan, kuma a kanta nake so ki fi sa ido. Kumburin da kike gani jini ne ke taruwa cikin gaɓa. Duk zubar da aka yi tana cin gurunguntsi kaɗan, gaɓar da ta saba zuba kuma ita ce ke sake zuba, har ƙafa ta ƙage yaro ya fara ɗingishi. Yaran nan sukan ji ɗumi ko tsikari a gaɓar tun kumburi bai fito ba. Ki koya masa ya gaya miki nan take, kuma kada a yi masa faɗa in ya faɗa, domin yaron da ake tsawatawa ɓoyewa yake yi. Da ya faɗa, ya kwanta, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a naɗe ƙanƙara cikin zane a ɗora kamar minti 15 a ɗauke, a ɗaure da bandeji ba matsewa sosai, a nemi magani cikin awoyin farko. Kada a kai shi wurin maɗori, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, kada a yi tsaga ko ƙaho ko sakiya. In ciwon ya lafa, motsa gaɓar a hankali yana da amfani, tsoka mai ƙarfi tana kare gaɓa.

Ga zafi da masassara parasetamol kawai. Asfirin da ibuprofen da diclofénac suna ƙara zubar jini, kuma yawancin ƙwayoyin ciwon jiki da masu talla ke yawo da su a tire daga cikinsu suke. Allura a ɗuwawu ko cinya ma haɗari ce, tana iya tara jini a tsoka. Ki tuna da wannan da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawa: ki ce a ba shi ƙwaya ko a sa ta jijiya. Rigakafi kuwa a yi masa duka, ƙarƙashin fata, a danne wurin minti biyar. Ki sa likita ya rubuta ƙaramin kati da Faransanci mai sunan ciwon da waɗannan hane-hane, ya zauna a jakarki, wani a aljihun babansa. In ya bugu a kai, ko ya kama amai da ciwon kai da yawan barci, ko wuya ko ƙarƙashin harshe ya kumbura, ko ciki ya murɗa, ko kashi ya fito baƙi, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, kuma a sa magani kafin a tsaya jiran hoto. Malamin lekol da na makarantar allo su sani ba a dukansa. Kokawa da dambe da hawan bishiya ba nasa ba ne, kabu-kabu ma sai dole, amma kada ki kulle shi a ɗaki. Ya yi karatu, ya yi abokai, ya goge haƙoransa safe da dare don kada a kai ga cirewa.

Cikin da ke jikinki: in namiji ne, rabi da rabi ne, zai iya zuwa da ciwon, zai iya zuwa lafiya. In mace ce, rabi da rabi ne ta ɗauko irin naki. Kowane ciki lissafinsa daban, wanda ya gabata ba ya rage wa na baya komai. Ki gaya wa masu awon ciki tun yanzu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki haihu a babban asibiti, su san ba a jawo kan jaririn da ƙarfe ko na'urar zuƙa. In namiji ne a ɗebi jinin cibiya a auna, kuma kafin sakamako ya fito ba cire beli, ba tsaga, askin suna ma a bi a hankali ko a jinkirta. Ke kanki a auna sinadarinki a watannin ƙarshe. Wasu mata masu ɗauke da ciwon nasu yana da ƙaranci. Ciki yakan ɗaga shi, bayan haihuwa ya faɗi, sai jinin biƙi ya yi yawa ko ya dawo bayan kwanaki. Ɗiyarki babba ma a auna ta kafin ta fara al'ada.

Maganar ƙanwarki, ina jin tsoron innarku, kuma ba na ganin laifinta: ta binne ɗa ba ta san dalili ba, yanzu ana gaya mata ta wajenta ne. Ki bi ta da taushi. Amma shiru ba zai yiwu ba. Ƙanwarki rabi da rabi ce, ko tana ɗauke da shi ko ba ta ɗauke, kuma hakkinta ne ta sani kafin ta haifi namiji a kai shi wurin aska. Haka ƴan'uwan innarku mata da ɗiyansu. Ƴan'uwanki maza da suke lafiya kuwa ba su da abin da za su ba ƴaƴansu. Ki fara zama da innarku ku biyu, sannan ku kira ƙanwar, sannan ta je ta ga likitan jini. Ta sani cewa in awon sinadarinta ya fito daidai, wannan bai wanke ta ba, awon ƙwayar gado ne ke yanke magana, ta tambayi likitan inda za a iya yi. Wanda zai aure ta kuma, ra'ayina shi ne a gaya masa kafin ɗaurin aure, a gaban likita in da hali, don ya ji lissafin kamar yadda yake: ko da ta tabbata tana ɗauke da shi, a kowane ciki kashi uku cikin huɗu ɗan ba zai zo da ciwon ba. Zai iya janyewa, wannan gaskiya ne, kuma zai yi ciwo. In ya tsaya, ƙanwarki za ta shiga gidan da ba mai ce mata ta ɓoye wani abu, kuma ɗanta na fari za a auna shi tun ranar haihuwa.